Bindiga da zubar da ciki: ma'auni ɗaya a Kotun Ƙolin Amurka

Ranar 23 ga Yunin 2022, Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar jihar New York mai taƙaita fita da bindiga. Washegari ta rushe hukuncin Roe na 1973 mai kare 'yancin zubar da ciki, ta mayar wa jihohi ikon hana zubar da ciki. Masu suka sun ce tufka da warwara ne, amma ma'aunin kotun ɗaya ne: lafazin tsarin mulki da tarihinsa. Gyara na Biyu da aka yi wa tsarin mulkin a 1791 ya ambaci makamai, zubar da ciki kuwa babu shi a kundin. Raunin wannan ma'auni yana cikin tarihin da aka dogara da shi, domin a wancan zamani kusan dukan mata ba su da ƙuri'a, bindigar da aka saba da ita kuma ta toka ce, harbi ɗaya sai an sake ɗuri.