Hukuncin Mai Riƙe Motar Bashi Bayan Ya Kasa Biya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ga wata mas'ala da ta shafi direbobin Farfaru da Jibiya masu bin hanyar Maraɗi. An rufe iyakar nan a 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai 2022, aka sake rufewa a 2023 har zuwa Maris 2024. Lodi ya yanke, masu motocin bashi suka rasa abin zubi.

To, ku sani Dokar Sayen Haya ta 1965 ta bar mota a mulkin mai ita har ranar da aka cika kuɗi. Amma idan mai saye ya biya kashi 3 cikin 5, ba a ƙwace ta sai ta hannun kotu. Wanda ya ƙwace da ƙarfi ya warware ciniki, wajibi ne ya mayar da dukan abin da ya karɓa. Sai dai in an tsallake zubi 3, yana da ikon ɗauke motar ya ajiye kafin a yanke shari'a.

Rashin biya kaɗai ba laifin ɗauri ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa alkawarin ciniki. Amma wanda ya ɓoye motar, ko ya ƙetare da ita Ɗan Isa ya sayar, ya fita daga babin bashi ya shiga babin cin amana, wanda kundin hukunci na Arewa na 1959 ya yanka wa ɗaurin da ya kai shekara 7.

Fiƙihun Malikiyya bai yi nisa da wannan ba. A ijara mota amana ce a hannun direba. A murabaha kuwa tasa ce, kuɗin ne ke wuyansa. Matalauci a yi masa jinkiri, kamar yadda aya ta 280 ta Baƙara ta nuna. Mai hali da ke ɓoye dukiya kuwa, alƙali na iya tsare shi.

Saboda haka wanda ya gaza, ya tafi wurin mai mota da shaidu da takardun zubinsa, a rubuta sabon wa'adi, ko a sayar da ita a fid da haƙƙin kowa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Allah Ya warware mana. Wassalamu.