Wanda Ba a Sani Ba, Ba Shi Ne Mai Baƙin Jini Ba

Akwai wata magana da ta kama bakin mutanenmu, tun daga zauren 'yan siyasa har tsakar gida: duk wanda ba a jin sunansa, sai a ce baƙin jini gare shi. Ɗan takarar da bai tara jama'a ba, baƙin jini. Budurwar da ba a sallama da ita, baƙin jini. Mai shagon lungu da kayansa suka yi kwantai, shi ma haka. Masu faɗin wannan ba jahilai ba ne, cikinsu har da iyayenmu da malamanmu, kuma ina ganin girmansu. Amma su gafarce ni, sun haɗa abubuwa biyu da Hausa ta daɗe da rabawa.

Baƙin jini sai da sani. Da Bahaushe ya ce baƙin jinin muzuru, mai kaza zagi, marar kaza zagi, ai don kowa ya san muzuru ne, ya kuma san aikinsa. Mu a ƙasar Haɗejia ba ma bukatar zuwa nesa, ga kacala nan. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗejia ta sauya. Hanyoyin ruwan da a da suke ƙafewa da rani suka koma riƙe ruwa duk shekara, ciyawar ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta cinye gonaki, ta hana masunta jefa koma, sannan ta zama gidan jan baki mai wawashe shinkafa da dawa. Tambayi manomi a Guri ko Kiri Kasamma, ko masunci a Auyo, kafin ka rufe baki ya tsine mata. Wannan shi ne baƙin jini na gaskiya, an san ta ciki da waje, an ƙi ta bisa dalili.

To, dajin Baturiya fa? Yana nan cikin fadamar kogin Haɗejia, tsuntsaye na tasowa daga Turai su yi hunturu a cikinsa, kuma tun 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyi masu daraja na duniya. Duk da haka, ka tsayar da mutane a Kantin Kwari ka ambaci Yankari, za su gyaɗa kai. Ka ce Baturiya, da yawa sai su tambaye ka a wace jiha take. Shin sun ƙi Baturiya ne? Ta ina za su ƙi abin da bai taɓa shiga kunnensu ba? Kafin Hausa ma ta ɗanɗana irin wannan. Kafin a kafa jami'ar jiha a nan a 2013, wadda yau ake kira Jami'ar Sule Lamido, ba kowa ne a wajen Jigawa zai iya nuna hanyar garin ba. Yanzu ɗalibai na tahowa daga wurare daban-daban. Garin bai sake hali ba, mutanensa su ne dai na jiya. Saninsa kawai aka yi.

Kuskuren yana da ƙani, wato ɗaukar suna a matsayin farin jini. Tarihinmu ya ishe mu raddi. Sarkin Haɗejia Buhari ya hau gado a 1848. Bayan kisan da ya yi wa Sarkin Auyo Nalara, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya sa aka tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, amma Buhari ya dawo ya ƙwace garin, ya fatattaki rundunar da aka tara masa a Gamon Kafur, ya ci gaba da mulki ba tare da bin Sakkwato ba har ya rasu a yaƙin Gorgoram a 1863. A zamaninsa babu wanda bai san sunansa ba daga Borno zuwa Sakkwato. Bahaɗeje na iya tuna shi da jarumta, amma ga garuruwan da dawakinsa suka taka, abin da ya yi ƙaurin suna ne. Shahara guda, hukunci biyu. Abin takaici, yau yaranmu na ƙirga mabiya a Facebook da TikTok suna kiran abin farin jini, alhali wasu masu kallon zuwa suka yi su yi dariya ko su zagi.

Na san abin da dattawa za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce mai tallar da ba a saya ba, ina ruwanta da ko ƙin ta aka yi ko ba a gan ta ba, tunda farantin a cike ya koma gida? Gaskiya ne, asarar ɗaya ce. Amma magani ya bambanta. Wanda aka ƙi, halinsa zai duba. Wanda ba a sani ba, hanya yake bukata, ya fito da shagon bakin titi, ko ya kai kayan kasuwar Gujungu.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne kan 'yan mata. Yarinya mai kunya, ba ta talla, ba ta yawon biki, daga makaranta sai gida, wato duk abin da muka ce muna so. Sai ta kai shekarun aure ba a sallama, gwaggo ta fara cewa a nemo mata maganin farin jini. A kai kuɗi wurin masu rubutu da turare, a yi ta ƙus-ƙus, har maƙwabta su ji. Daga nan kalmar ta manne mata, ita kanta ta yarda cewa akwai wani abu a jikinta da ke korar mutane, ta daina ɗaga kai. Mai niyyar nema ma in ya ji, sai ya ja baya. Da bakinmu muka ƙera mata abin da ba ta da shi. A da, wannan aikin na dangi ne: kawu ya yi wa abokinsa magana, yaya ya shaida wa na kirki cikin abokansa cewa akwai ƙanwa a gida, kuma babu wanda ke ganin hakan abin kunya.

Don haka iyaye mata, gwaggonni da innoni, ina roƙonku. Kafin ku ce yarinya baƙin jini gare ta, ku zauna ku lissafa gidajen da suka san da zamanta. In ba su da yawa, ku kira kawunnanta ku ba su aiki.