Shekarar Farko a Babbar Makaranta: Abin da Ke Kayar da Ɗalibi Tun Kafin Jarrabawa

Shekaru arba'in da suka wuce, yaron da ya gama sakandare a Argungu ko Birnin Kebbi, in digiri yake so, sai ya ɗaure kayansa ya nufi Sakkwato ko Zariya ko Kano. Tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, manyan makarantu suka yi ta matsowa kusa da gida: Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero a 2006, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, Jami'ar Aikin Gona ta Zuru a 2020, ga Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, waɗanda suka daɗe suna yaye ɗalibai. Yau ɗan manomin Augie da 'yar masuncin Argungu suna samun gurbi, kuma da yawansu su ne na farko a gidajensu da suka taka irin wannan wuri. Ana murna, ana addu'a, dangi su haɗa kuɗin rajista. Bayan wata tara ko goma sai sakamako ya fito, yaron da ake yi wa kirari da hazaƙa a garinsu ya dawo da kariyoba uku ko huɗu, wato darussan da ya faɗi, ya rasa bakin da zai yi wa mahaifinsa bayani. Mutane kan ce ya yi wasa, ko kansa ba ya ja. Ni ina ganin a yawancin lokuta shiru ne ya kayar da shi: ya kasa gane darasi, ya ji kunyar tambaya, ya koma ɗaki yana fama shi kaɗai har lokaci ya ƙure.

A duba irin sauyin da ya same shi. A sakandare malami ya san sunansa, ya san ubansa, in bai zo ba za a tambaya, kuma kusan duk abin da ake so ya sani an rubuta masa a allo ya kwafe. Jarrabawar JAMB da ta shigo da shi ma zaɓi ce tsakanin amsoshi huɗu a kwamfuta, wadda mai haddar tsofaffin tambayoyi zai iya tsallakewa. Sai ga shi a babban ɗakin lakca tare da ɗaruruwan mutane, malami yana zuba Turanci na awa biyu, na baya ba sa ji sosai, zafin watan Afrilu ya haura digiri 40, kuma babu mai lura da wanda ya zo ko wanda ya fashe. Yaron da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Dakarci a gida, wanda Turancinsa na karantawa ne fiye da na saurare, zai fita daga lakcar da rabin magana. Ya waiwaya ya ga kowa na gyaɗa kai, sai ya ɗauka shi kaɗai ne bai gane ba, alhali rabin masu gyaɗa kan halinsu ɗaya da nasa. Ga kuma tarbiyyar da muka ba shi: ba a katse babba, ba a kallon idonsa, ba a nuna masa cewa bayaninsa bai wadatar ba. Tarbiyya ce mai kyau, ba na so ta gushe. Amma mutanen da suka koya masa ita su ne kuma suka ce matambayi ba ya ɓata, kuma wannan rabin na biyu ne muke mantawa mu saka masa a jaka. Duk manomin shinkafa a fadamar Rima ya san cewa kwanakin da suka biyo bayan dashe su ne masu hatsari, don an cire tsiron daga inda ya saba, saiwarsa ba ta kama sabuwar ƙasa ba tukuna. Makonni shida na farkon ɗalibi haka suke.

Akwai masu cewa a bar yaro ya waye tukuna, ai shekarar farko ta koyon zama ce, zai gyara a gaba. Lissafi bai yarda da su ba. A yawancin jami'o'in Najeriya, maki 70 zuwa sama shi ne A mai daraja 5, B daraja 4, C daraja 3, a sauko har F da ba ta da komai, kuma ana tara sakamakon kowane zango a kan na baya, abin da ɗalibai ke kira CGPA. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50. A ɗauka karatun na shekara huɗu ne, kuma nauyin darussan kowace shekara daidai yake. Wanda ya gama shekarar farko da 2.00, in yana son fita da 3.50, dole ya riƙa samun 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage, wato ya ninka ƙoƙarinsa daidai lokacin da darussan suka fi tsauri. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta kuɓuce masa, ko da zai ci A a kowane darasi har ya gama, don iyakar abin da zai kai shi ne 4.25. Kariyoba kuma tana da nata haraji: darasin da ya faɗi zai sake ɗaukarsa a kan na sabuwar shekara, wani lokaci lakcocin su yi karo, nauyi ya ƙaru, sabuwar faɗuwa ta biyo. Mai karatun difloma a Waziri Umaru, da shekara biyu kawai gare shi, rabin sakamakonsa ke nan ya tafi. Ɗalibai da yawa ba sa jin wannan lissafi sai a aji uku, lokacin da saninsa ba ya ƙara musu komai sai baƙin ciki.

Hujjar da ta fi gamsar da ni game da illar karatun kaɗaici daga nesa ta zo. A tsakiyar shekarun 1970, wani malamin lissafi mai suna Uri Treisman a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka, ya damu da yadda ɗalibai baƙar fata ke yawan faɗuwa a darasin kalkulas na shekarar farko, yayin da 'yan asalin Sin ke cinyewa. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne talauci, ko raunin makarantun da suka fito, ko rashin himma. Sai ya bi ɗaliban ɓangarorin biyu har ɗakunansu ya ga yadda suke karatu. Ya tarar baƙaƙen fatan suna da himma ƙwarai, da yawansu zakaru ne a makarantun da suka baro, amma kowa shi kaɗai yake karatu, ya rufe ƙofa, ya ɓoye abin da ya gagare shi. 'Yan Sin kuwa kowa zai yi nasa, sannan su haɗu da yamma, su ci abinci tare, su duba aikin juna, su yi gardama a kan amsa. Da haka kowannensu ya san inda ya kuskure, ya kuma san cewa tambayar da ta ba shi wuya ta ba kowa wuya. Treisman ya kafa zaman aiki na rukuni-rukuni inda ake warware tambayoyi masu tsauri tare, kuma faɗuwar waɗanda suka shiga ta ragu sosai, har jami'o'i da dama suka kwaikwayi tsarin. Wani masanin, Vincent Tinto, tun 1975 ya nuna cewa ɗalibin da ya samu shiga cikin jama'ar makaranta, ta fuskar karatu da ta zamantakewa, shi ya fi wuyar barin karatu. Berkeley ba Birnin Kebbi ba ce, gaskiya ne, amma zakaran ƙauye da ke jin kunyar a gane bai fahimta ba, ko'ina akwai shi.

Ba kowane taro ne rukunin karatu ba. Mutum goma sha biyar a gindin bishiya, ɗaya na karanta handawut saura na danna waya, hira ce kawai. Rukunin da ke aiki ƙarami ne, mutum uku zuwa biyar, da rana da lokaci tsayayyu tun daga makon farko, kowa ya zo ya riga ya gwada aikin da kansa. A rufe littafi, ɗaya ya tashi ya bayyana darasin jiya, da Hausa in ta kama, sannan ya maimaita da Turancin da zai rubuta a jarrabawa, saura su tare shi da tambaya. A 2006 masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗalibai suka ga waɗanda suka karanta rubutu sannan suka yi ƙoƙarin tuno shi da ka sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan da jikinsa, don ba a wanke allo sai an biya da ka a gaban malam, kuma abin da aka haddace sai an riƙa tilawarsa yake zama. Abin takaici ne a ga yaron da ya sauke Alƙur'ani ta wannan hanya ya shiga jami'a ya watsar da ita, ya koma karatun kwana ana gobe jarrabawa, da ruwan sanyi a ƙafa don korar barci.

Iyaye suna da nasu tsoro, kuma ba na raina shi. Nasihar da aka fi yi wa mai tafiya makaranta ita ce ya kama kansa, ya rage abokai, don zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shaye-shaye gaskiya ne, satar jarrabawa gaskiya ce, kuma takan kai ga kora. Ga 'ya mace nasihar ta fi tsanani: daga aji sai ɗaki. Sai dai yaron da aka ce kada ya yi abokai ba ya zama babu su. Yakan faɗa hannun duk wanda ya fara yi masa fara'a, a lokacin da kewar gida ta fi damunsa. Gara a ce masa ya zaɓa, a kuma gaya masa inda zai nema: masu zama a layin gaba, masu zuwa ɗakin karatu, darussan ƙarin bayani da manyan ɗalibai ke shiryawa a sassa, da waɗanda ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi da na Kirista kan yi kyauta. Ɗaliba kuma ta haɗa rukuninta da 'yan'uwanta mata, da rana, a fili. In zuwa ofishin malami ya kama, su tafi su biyu ko uku. Hakan ya kare mutuncinta, ya kuma ba ta amsar da take nema. Matar aure mai goyo da ke karatun NCE a Argungu ta fi kowa bukatar irin wannan rukuni, don ranar da ciwon yaro ya hana ta lakca, su ne za su cike mata gurbin.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa duk wannan magana ce ta mai ƙoshi, yunwa ce ke kayar da ɗalibai. Akwai gaskiya mai yawa a ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kabu-kabu da na abinci suka tashi, kuma wanda ya wuni da gari da ƙuli ba zai riƙe lissafi kamar wanda ya ci ya ƙoshi ba. Rukunin karatu ba ya sauke tukunya. Amma ko a nan shiru yana ƙara wa talauci ƙarfi. Asusun bashin karatu na NELFUND ya buɗe karɓar buƙatu a watan Mayun 2024: yana biyan kuɗin makaranta, yana ba da naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, kuma biya ba ya farawa sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Kuɗin ba su isa ba, amma sun fi babu, kuma wanda ke cikin mutane shi zai ji an buɗe, ya samu mai nuna masa yadda ake cikewa a intanet. Haɗa tukunya, karɓa-karɓar littafi, raba kuɗin hoton takardu, duk sai da jama'a. Akwai ma wani nauyi da kusancin makarantun nan ya kawo, wanda ba a cika faɗa ba. Ɗalibin da ke Zariya ba a kiransa suna ko ɗaurin aure ko ban-ruwa. Na Birnin Kebbi da Argungu kuwa kullum yana kusa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, ga kamfanonin casar shinkafa irin su Labana da WACOT suna saye, noman rani ya zama abin da gida ke dogaro da shi, kuma hannun saurayi yana da daraja a gona. Amma ƙa'idar yawancin makarantu ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na lakcoci kafin ya zauna jarrabawa, kuma gwaje-gwajen tsakiyar zango suna ɗauke da maki 30 ko 40 cikin ɗari. Uban da ya janye ɗansa mako biyu don girbi yana iya jawo masa asarar shekara bai sani ba. Ya kamata ɗan ya zauna da shi cikin ladabi, ya ce: “Baba, ga ranakun gwajinmu, a bar mini waɗannan, in zo Asabar da Lahadi.” Yawancin iyaye za su yarda in an nuna musu.

Su ma makarantun ba za su tsira daga zargi ba, don ba adalci ba ne a ɗora komai a kan yaro ɗan shekara goma sha takwas. Sunayen waɗanda aka ɗauka sukan fito kashi-kashi, na ƙarshe su iso an yi nisa da lakca, su ƙare makonninsu na farko a layin rajista. Taron wayar da kan sababbin ɗalibai yakan zama jawaban manya na yini guda, a lissafa laifuffukan da ke jawo kora, a watse. Abin da ya fi amfani ba ya cin kuɗi sosai: a tsaya a allo a yi musu lissafin CGPA da misali tun makon farko, kowane sashe ya raba sababbi rukuni-rukuni, ya haɗa kowane rukuni da ɗalibin aji uku mai ƙoƙari, kodinetan aji ya sa lokacin ganawa a ƙofarsa kuma a same shi a lokacin. Mafi muhimmanci, a fitar da makin gwajin farko da wuri, kafin jarrabawa ta matso, sannan a kira duk wanda ya samu ƙasa da rabi a tambaye shi abin da ke damunsa. Yaron da ba zai taɓa ɗaga hannu a gaban mutum ɗari biyar ba, in malami ya kira sunansa ya ce masa zauna, zai yi magana.