Yadda Mazauna Gidajen Bene Ke Cajin Motar Lantarki

Wanda yake da gida na kansa ba shi da wata damuwa da motar lantarki: da dare ya jona ta a gareji, da safe ya tarar batirinta ya cika. Amma yaya wanda yake zaune a hawa na biyar, cikin benen da iyalai arba'in suke tarayya da filin ajiye mota guda? Wannan tambaya ta taso sosai a ƙasar Norwe, inda a 2024 kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka saya masu amfani da lantarki ne zalla.

Hanyoyin caji uku ne. Soket na gida yana ba da kimanin kilowat 2.3, don haka batir mai ɗaukar kilowat-awa 60 sai ya yi awa 26 kafin ya cika. Akwatin caji da ake kafawa a bango, mai kilowat 7.4, yana gamawa cikin awa takwas. Tashar caji ta bakin hanya, mai kilowat 50 ko fiye, ta fi sauri, sai dai ta fi tsada. Saboda haka akwatin bango ya fi dacewa da mazaunin bene, kuma tun 2021 dokar Norwe ta ba shi ikon kafa shi a wurin ajiye motarsa, in ba da ƙwaƙƙwaran dalili na hanawa ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Idan motoci arba'in suka ja wuta lokaci guda, ana bukatar kusan kilowat 300, nauyin da wayoyin tsohon gini ba za su ɗauka ba. Amma motar da ta yi tafiyar kilomita 40 a yini, kilowat-awa bakwai zuwa takwas kawai ta ci. Wato ke nan, kilowat 30 ya ishi motocin duka, muddin aka raba musu shi cikin awa goma na dare.

Ɗalibin ilmin halittu ya san irin wannan tsari. Jiki ba ya aika jini daidai wa daida ga kowace gaɓa. Bayan cin abinci hanji ke samun kaso mai yawa, a lokacin gudu kuwa tsokar ƙafa. Haka wata 'yar kwamfuta take rarraba wutar ginin, tana rage wa motoci lokacin girkin dare, tana ƙara musu in mutane sun kwanta, kowa kuma mitarsa na ƙirga abin da ya sha.

Malamai na iya ba ɗalibai wannan lissafi su sake yi da motoci ɗari.