Baba, Kawo In Taya Ka

Idan wata ya ƙare, ba tsofaffin ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da na reluwe a Sabon Gari kaɗai ke jiran alat ɗin fansho ba. 'Yan damfara ma suna ƙirga kwanaki.

Galibi ta waya suke zuwa, da sallama da ladabi: "Baba, daga banki ne, yau za a rufe asusunka in ba a sabunta BVN ba. Karanto mana lambar da ta shigo yanzu." BVN ɗin da Babban Banki ya ɓullo da ita a 2014 lamba ce mai alƙaluma 11, kuma ita kaɗai ba ta cire ko sisi. Abin da suke nema shi ne lambar da ke jikin kati, da lambar sirri, da wannan saƙon da ya shigo. Banki ba ya tambayar ko ɗaya ta waya. Hukumar PTAD mai kula da fanshon tsohon tsari ma ba ta karɓar kuɗi kafin ta tantance mutum ko ta biya shi bashinsa.

Wani ɓarawon kuwa a layin ATM yake, irin na bankunan unguwar PZ. Dattijo na laluben madanni, ido ya yi rauni, na baya sun fara tsaki, sai wani saurayi tsaf-tsaf ya matso: "Baba, kawo in taya ka." Ya ga lambar sirri, ya miƙo wani katin mai launi iri ɗaya. Baba ya sa a aljihu, har da sa albarka.

Amma abin da ya fi yi wa ɓarayin nan aiki kunya ce. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyar da 'ya'yan wasu, da wane baki zai ce yaro ya yi masa wayo? Sai ya yi shiru kwana uku, alhali cikin mintuna ake rarraba kuɗin zuwa wasu asusun. Mu 'ya'ya muna da laifi a nan. Wanda aka tarba da "Haba Baba, kai ma dai!" gobe ba zai sake faɗa ba.

Kowane banki na da lambar da ake dannawa a waya a toshe asusu ko kati nan take. A rubuta wa tsoho ita da manyan baƙaƙe tun kafin abin ya faru. In ya faru, bayan an toshe sai reshen banki da ƙorafi a rubuce. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, a kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan ciniki na Babban Banki. EFCC ma tana da ofis a Kaduna.