Ka warke daga korona ko mura mai tsanani, amma huhunka fa?

Yau kan huhu za mu yi magana.

A 2021 korona ta kwantar da wani abokina har sai da aka sa masa oksijin. Aka sallame shi, muka je masa barka. Amma bayan wata biyu, mutumin da muke buga ƙwallo tare, in ya hau bene sai ya tsaya yana haki. Tari ya ƙi tafiya, kullum yana kemis ana haɗa masa magani. Sai ranar da ya ga jini a kakinsa ya yarda ya je asibiti. Hoton ƙirji ya nuna rami a huhunsa na dama.

To ya ake yi rami ya fito a huhu? Huhu kamar soso yake, cike da ƙananan jakunkunan iska, ɗaruruwan miliyoyi, kuma ta nan oksijin ke shiga jini. Idan ƙwayar bairas ta kama shi da ƙarfi, tana raunata hanyoyin iska, garkuwar jiki ma ta gaji. Kun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sai bakteriya ko fangas su biyo baya, su kashe wani sashe na naman huhun, ya narke ya zama mugunya, ya fita ta tari. Gurbin da ya bari, shi ne ramin. Ba kasafai bairas kaɗai ke haƙa rami ba, galibi akwai cuta ta biyu.

Na abokina, gwajin kaki ya nuna tarin fuka ne. Ƙwayar tana iya kwanciya a jiki shekaru ba ta motsa ba, sai garkuwa ta yi rauni ta tashi. Ya sha magani wata 6, kyauta a asibitin gwamnati, ya warke. Amma har yau ba ya iya gama wasa.

Dalili shi ne tabo. Ko babu rami, kumburi mai tsanani kan bar tabo a huhu, naman ya yi tauri, ya daina buɗewa kamar da. Wasu suna samun sauƙi a hankali cikin watanni, wasu kuwa tabon ya zauna ke nan.

Don haka in ka tashi daga irin wannan jinya, tari ya wuce sati 2, ko kana ganin jini, ko gumin dare, ko rama, ko haki, don Allah ka bar kemis haka. Je asibiti, ka nemi hoton ƙirji da gwajin kaki. Masu shisha da sigari kuma, huhun da ya sha wuya ba ya buƙatar ƙarin hayaƙi.

Ku tura wa wanda kuka san tarinsa ya daɗe. Allah Ya ƙara mana lafiya, sai mun haɗu a shiri na gaba.