Tarwaɗa, Karfasa Ko Giwan Ruwa: Wane Kifi Ya Dace Da Tabkunan Belbeji?

A Damargu, arewacin jihar Damagaram, damina gajera ce. Ruwa kan taru a tabkuna da kwaruruka irin na Tarka daga watan Yuli zuwa Satumba, daga nan rana da iska da garken dabbobi su shiga shanye shi. Yawancin tabkunan yankin Belbeji, wanda aka cire daga Tanut ya zama gunduma a 2011, ba sa kai wa wata damina.

Duk da haka, zuba 'ya'yan kifi a tabkuna tsohuwar dabara ce a Nijar, wadda jami'an gandun daji ke jagoranta domin samar da abinci da kuɗin kashewa a karkara. Tambayar da ke gaban duk garin da ke son gwadawa ita ce: wane kifi za a zuba, kuma da wane za a haɗa shi? Kuskure a nan na nufin asarar shekara guda cur.

Darasi daga masu akwatin gilashi

A Turai da Amurka akwai masu kiwon kifin teku cikin akwatin gilashi a gida, tare da murjani mai rai. Ruwansu na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kamar na teku. Ƙa'idarsu ta farko sananniya ce: kifin da ya shiga bakin wani, abincinsa ne. Don haka suke duba girman da kifi zai kai, abin da yake ci da halinsa, su fara saka masu sanyin hali, mafaɗata su zo daga ƙarshe. Tabkin Damargu ba teku ba ne, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Halin kowane kifi

Tarwaɗa ce ta fi juriya. Tana iya shaƙar iska kai tsaye, don haka tana rayuwa a ruwa mai laka da zafi inda wasu ke mutuwa. Aibinta shi ne haɗama: tana cin 'ya'yan wasu kifaye, har ma da 'yan'uwanta idan ta fi su girma.

Karfasa kuwa ganye da ƙananan halittun ruwa take ci, kuma kashin dabbobin da ke zuwa shan ruwa na ƙara mata abinci. Macen na renon ƙwai cikin bakinta, tana kuma fara haihuwa tun tana da watanni biyar zuwa shida. Idan babu mai rage 'ya'yan, tabki kan cika da ƙanana da ba sa girma, ba su da daraja a kasuwa.

Nan ne haɗin biyun ke amfani. A fara zuba karfasa, a bar ta ta yi ƙwari, sannan a kawo tarwaɗa kaɗan, ƙanana masu girma ɗaya. Tarwaɗar za ta rage 'ya'yan da suka yi yawa, ba ta iya haɗiye iyayen. In aka juya tsarin, an yi wa tarwaɗa liyafa ke nan.

Giwan ruwa na da tsada, yana iya wuce kilo 100, amma yana buƙatar ruwa mai zurfi da isasshiyar iska, wanda ba ya ƙafewa. Tabkuna irin su Madarunfa a Maraɗi, Tabalak a Tawa ko Gidimuni a Damagaram ne suka fi kusa da wannan siffa. Tarihi ma na gargaɗi: an saka shi a tabkin Victoria na gabashin Afirka a shekarun 1950, zuwa shekarun 1980 ya mamaye ruwan, nau'o'in ƙananan kifaye kusan 200 suka ɓace.

Gaiwa ita kaɗai ce ba ta damu da ƙafewar tabki ba. Takan binne kanta cikin laka ta yi watanni har ruwa ya dawo.

Abin dubawa kafin a zuba

Na farko, wata nawa tabkin ke riƙe ruwa? Wanda bai kai wata biyar ko shida ba da wuya ya ba kifi damar kai girman sayarwa. Na biyu, sanyin hunturu na rage wa karfasa ci da girma, don haka zubawa da wuri ya fi. Na uku, yayin da ruwa ke ja baya, kanwa da gishirinsa na ƙaruwa, kuma karfasa ta fi tarwaɗa jure hakan.

Akwai kuma batun zaman tare. Damargu mahaɗar manoma da makiyaya ce, tabkin da za a zuba kifi shi ne mashayar raƙuma, shanu da tumaki. Sai an zauna da masu gari, makiyaya da masunta an tsayar da lokacin buɗe su, an hana taru mai ƙananan idanu, kafin a ɗauko buhun 'ya'yan kifi na farko.